Amana a rubuce: dogon kwantiragi da sharaɗin hana musaya a hokin ƙanƙara

Ranar Laraba, 29 ga Yuni, 2016, saura kwana biyu wani sharaɗi ya fara aiki a kwantiragin P.K. Subban. Daga 1 ga Yuli, ƙungiyarsa ta Montreal Canadiens ba za ta sake samun ikon kai shi ko'ina ba sai ya ce ya yarda. Shi kuma babu alamar yana neman tafiya. Shekara biyu kafin nan ya sa hannu a kwantiragin shekara 8 kan dala miliyan 72, sannan a Satumban 2015 ya yi alƙawarin samar wa asibitin yara na birnin dala miliyan 10 ta Kanada, har aka raɗa wa babban zauren asibitin sunansa. Wanda yake ɗaure kayan tafiya ba ya irin wannan alƙawari. A yinin nan ƙungiyar ta miƙa shi ga Nashville Predators, ta karɓo Shea Weber a madadinsa. Babu dokar da aka taka. Da kwana biyu kawai aka riga shi.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa dole ya tambaya: ta yaya za a sauya wa ɗan wasa ƙungiya bai amince ba? A Ingila ko Sifaniya, ko da ƙungiyoyi biyu sun daidaita kan farashi, sai ɗan wasan ya zauna da masu sayensa, ya yarda da albashi, ya sa hannu. In ya ƙi, ciniki ya mutu. A NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32, abin ya sha bamban. Can kwantiragin kansa ake musaya, kamar takardar fili, ɗan wasa kuma ya bi takardarsa. Wayarsa za ta yi ƙara, babban manaja ya yi masa godiya, ya faɗa masa garin da zai kwana gobe. Albashinsa na nan, shekarun kwantiraginsa na nan, amma gida da maƙwabta da makarantar yara duk sun sauya cikin minti biyu.

Wannan tsohuwar al'ada ce. A 1957 Ted Lindsay na Detroit Red Wings, wanda ya ci wa ƙungiyar Kofin Stanley, babban kofin gasar, sau huɗu, ya yi yunƙurin haɗa kan 'yan wasa su kafa ƙungiyar ƙwadago. Manajansa Jack Adams ya cilla shi Chicago, wadda a lokacin take can ƙasan teburi, don sauran su ga abin da ke jiran mai ɗaga murya. Sai 1967 ƙungiyar ƙwadagon ta tsaya da ƙafarta. Ranar 9 ga Agusta, 1988 kuwa, mai Edmonton Oilers, Peter Pocklington, ya tura Wayne Gretzky zuwa Los Angeles Kings a cinikin da ya haɗa da tsabar kuɗi dala miliyan 15, bayan Gretzky ya kawo wa garin kofi huɗu. Gretzky ya yi ta share hawaye a gaban 'yan jarida, wani ɗan majalisar Kanada har ya nemi gwamnati ta sa baki ta hana. Tun daga nan masu harkar suke da wata magana: tunda aka yi musayar Gretzky, babu wanda ya fi ƙarfin a yi musayarsa.

Kuma tun farko ma ɗan wasa ba shi ne ke zaɓen garinsa ba. Yana da shekara 18 za a kira sunansa a taron zaɓen matasa na shekara-shekara, inda ƙungiyoyin da suka fi rauni suke samun damar fara zaɓe. Yaron da ya tashi a Siwidin ko Rasha sai ya tsinci kansa a Columbus ko Winnipeg. Zai yi kwantiragin farko, yawanci na shekara 3 mai ƙayyadadden albashi, bayan ya ƙare kuma ƙungiyar tana riƙe da haƙƙinsa. Ba zai samu cikakken 'yancin zuwa inda yake so ba sai ya kai shekara 27, ko ya buga kakar wasa 7. Daidai wannan lokaci ne doka ta ba shi damar samun sharaɗin hana musaya mai aiki. Kafin nan za a iya rubuta masa shi a takarda, amma yana barci sai ranarsa ta zo. Gibin da Montreal ta bi ta rabu da Subban ke nan.

Sharaɗin iri-iri ne, kuma bambancinsu shi ne gishirin maganar. Akwai cikakken hana musaya, inda ba a musayar mutum da kowace ƙungiya sai ya sa hannu. Akwai na rabi, inda ɗan wasa zai miƙa jerin ƙungiyoyi 10 ko 15 da ba ya so, ko kuma jerin waɗanda ya yarda da su. Na ukun shi ne mafi ƙarfi, wanda zan kira sharaɗin hana motsi: ba a musayarka, ba a mayar da kai ƙaramar gasa, kuma ba a sa ka a layin sallama. Layin sallama wani tsari ne da ƙungiya take sanar da sauran cewa ga ɗan wasa nan, duk mai so ya ɗauka da kwantiraginsa ba tare da musaya ba cikin awa 24, wadda ta fi kowa zama ƙasa a teburi ita ce kan gaba. A riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Ba za a fahimci yadda kwantiragi suka yi tsawo haka ba sai an koma 2004. A shekarar masu ƙungiyoyi suka rufe wa 'yan wasa ƙofa saboda rikicin albashi, kakar 2004 zuwa 2005 ta tafi gaba ɗaya ba a buga wasa ko ɗaya ba, karon farko tun 1919 da ba a ba kowa Kofin Stanley ba. Abin da suka samu da wannan rikici shi ne iyakar albashi: jimillar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta ba zai wuce wani adadi ba, kuma babu hanyar biyan tara a tsallake. An fara da dala miliyan 39. A kakar 2025 zuwa 2026 ta kai miliyan 95.5. Yadda ake lissafin kason kowane ɗan wasa shi ne a raba jimillar kuɗin kwantiraginsa da yawan shekarunsa. Ba a duba abin da ya shiga aljihunsa a shekarar, matsakaicin ake dubawa.

Manajoji ba su ɗauki lokaci ba suka gano cewa in ka ja shekaru, matsakaici ya sauka. New York Islanders ce ta fara girgiza mutane a 2006, da ta ba mai tsaron raga Rick DiPietro shekara 15 kan dala miliyan 67.5. A 2008 Alexander Ovechkin ya karɓi shekara 13 kan miliyan 124 daga Washington Capitals. Daga nan sai aka koma dabara tsagwaronta: a tara kuɗin a shekarun farko, a lanƙaya wa kwantiragin wutsiya mai araha wadda kowa ya san ba za a buga ta ba. Abin ya kai maƙura a Yulin 2010, lokacin da New Jersey Devils ta rubuta wa Ilya Kovalchuk shekara 17 kan miliyan 102. Da an bar shi, zai ƙare ne yana da shekara 44, shekarun ƙarshe kuma ana biyansa dala 550,000 kacal, duk don matsakaicin ya tsaya a miliyan 6. Hukumar gasar ta yi watsi da shi, mai sasantawa Richard Bloch ya goyi bayanta, aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 3, aka sake rubuta kwantiragin ya koma shekara 15 kan miliyan 100. Shekara uku bayan haka Kovalchuk ya ajiye sauran shekara 12 da dala miliyan 77 ya koma gida Rasha, ya shiga SKA ta Saint Petersburg.

Wani rufe ƙofar, na 2012 zuwa 2013, wanda ya rage kakar zuwa wasa 48, shi ya kawo ƙarshen wannan zamani. Aka ƙayyade shekara 8 ga wanda zai sabunta da ƙungiyarsa, 7 ga wanda zai je sabuwa. Yarjejeniyar da aka cimma a 2025 ta ƙara ragewa zuwa 7 da 6.

A NHL kwantiragi tabbatacce ne. In ka sa hannu, ko wasanka ya lalace, ko gwiwa ta tafi, kuɗinka na nan, kuma ba a sake zama a rage ko a ƙara. Ga mutanen da suke karo da juna a guje a kan ƙanƙara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya nemi shekaru masu yawa ba. Ovechkin ya cika nasa cif, ya ɗauki kofi a 2018, ya sabunta, a Afrilun 2025 kuma ya jefa ƙwallonsa ta 895 ya wuce tarihin Gretzky na yawan zura ƙwallo a gasar, duk da riga ɗaya. DiPietro kuwa rauni ya cinye shi, ƙugu da gwiwa da buguwar kai, har ƙungiyar ta fanshi kwantiraginsa a 2013. Za ta ci gaba da biyansa dala miliyan 1.5 duk shekara har 2029.

Wanda ya fi ba ni tausayi a cikinsu shi ne Roberto Luongo. A 2009 ya sa hannu da Vancouver Canucks na shekara 12 kan miliyan 64, ya kai su wasan ƙarshe a 2011, daga baya wani matashin gola ya karɓe masa raga. Yana son tafiya, ƙungiyar na son ya tafi, amma babu mai son ɗaukar nauyin kwantiragin. Ranar da aka rufe kasuwar musaya a Afrilun 2013 ya tsaya gaban 'yan jarida, fuskarsa a gajiye, ya ce kwantiraginsa ne matsalarsa, kuma da yana da iko da ya soke shi nan take. Takardar da ya nema don ta kare shi ita ta ɗaure shi. Sai Maris na 2014 ya samu komawa tsohuwar ƙungiyarsa Florida Panthers, kuma da ya yi ritaya a 2019, sabuwar doka ta sa aka riƙa cire wa Vancouver kimanin dala miliyan 3 daga iyakar albashinta har shekara uku, hukuncin wutsiyar nan mai araha.

Sharaɗin hana motsi ma yana da ƙofar da bai rufe ba, wato fansar kwantiragi. Ƙungiya za ta iya sallamar ɗan wasa mai shekara 26 ko fiye ta biya shi kashi biyu cikin uku na sauran albashinsa, a rarrabe cikin ninkin shekarun da suka rage. Ranar 4 ga Yuli, 2012, Zach Parise da Ryan Suter suka zaɓi Minnesota Wild da kwantiragi iri ɗaya, shekara 13 kan miliyan 98 kowannensu. Parise ɗan jihar ne, gida ya dawo. A Yulin 2021, saura shekara 4, manaja Bill Guerin ya fanshi duka biyun rana ɗaya, ƙungiyar ta yi kaka biyu tana asarar sama da miliyan 14 daga iyakar albashinta kan mutanen da ba sa buga mata.

To ina maganar amana ta shigo? Ta shigo ne ta wajen farashi. Sharaɗin hana musaya ba kyauta ake bayarwa ba. Tunda kowace dala tana da lissafi ƙarƙashin iyakar albashi, manaja yakan ce wa wakilin ɗan wasa: ba zan iya kai maka miliyan 7 ba, ga 6, amma zan rubuta cewa ba zan taɓa ka ba. Ɗan wasa ya karɓa don matarsa na aiki a garin, ko yaransa sun saba da makaranta, ko yana gudun a wayi gari a tura shi inda ba ya so. Haraji ma na ciki, domin jihohi irin Florida, Texas, Nevada da Tennessee ba sa karɓar harajin albashi na jiha, alhali a Quebec ko Ontario yana da nauyi. Sanyi na ciki, da matsin 'yan jarida. Shi ya sa sunayen wasu biranen Kanada suke yawan fitowa a jerin wuraren da ba a so. Abin da nake so a lura da shi ɗaya ne: ƙungiyar ta riga ta ci ribar rangwamen tun ranar sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Labarin Mats Sundin shi ne ma'aunin da nake gwada kowace muhawara a kai. Ɗan Siwidin ne, kyaftin ɗin Toronto Maple Leafs, ya yi kaka 13 a garin da hoki ya zame wa mutane numfashi, garin da rabonsa da kofi tun 1967. A Fabrairun 2008 ƙungiyar ta lalace, kwantiraginsa na dab da ƙarewa, manajan riƙon ƙwarya Cliff Fletcher ya roƙe shi ya janye sharaɗinsa a tura shi wata ƙungiya mai neman kofi, Toronto ta samu matasa da damar zaɓe a madadinsa. Sundin ya ƙi. Ya fitar da sanarwa yana cewa shi bai taɓa yarda da zama ɗan haya na 'yan watanni ba, kuma a ganinsa wanda zai ji daɗin kofi shi ne wanda ya yi tafiyar tun daga Oktoba har Yuni. Wasu abokan wasansa huɗu masu irin wannan kariya, Tomas Kaberle, Bryan McCabe, Darcy Tucker da Pavel Kubina, su ma ba a iya motsa su ba, 'yan jarida suka laƙaba musu sunan mutum biyar na Muskoka, yankin tafkuna da masu hali suke zuwa hutu, ma'ana sun ji daɗin zama ba su damu da nasara ba.

Duba yadda kalma ta juya a bakin mutane. Shekara da shekaru ana yabon Sundin don ya zauna. Rana ɗaya sai zaman ya zama son kai, aka ce in da gaske yana ƙaunar ƙungiyar, ya tafi. Na fahimci masu wannan ra'ayi, domin lissafinsu na hoki daidai ne: da ya amince, da Toronto ta samu abin gina gobe, kuma da ya koma Vancouver a Disamban 2008 ba ta samu ko sisi ba. Amma ba Sundin ne ya rubuta wa mutum biyar sharaɗin ba, ofis ne ya rubuta. Kuma in amana tana nufin ka zauna lokacin da ake son zamanka, ka tattara lokacin da aka ga amfanin tattarawarka, to sunanta biyayya ga manaja. Ya bar ƙungiyar da maki 987, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, wanda babu wanda ya kai shi a tarihinta a lokacin. Da ya dawo Toronto a Fabrairun 2009 da rigar Vancouver, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi har idonsa ya cika, kuma shi ya jefa ƙwallon da ta raba gardama a bugun ƙarshe.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Akwai 'yan wasan da suka mayar da sharaɗin makami. A 2009 Dany Heatley ne da kansa ya nemi Ottawa Senators ta rabu da shi. Ƙungiyar ta daidaita da Edmonton, sai ya yi amfani da sharaɗinsa ya ce can ba zai je ba. Ottawa ta biya shi garaɓasar dala miliyan 4 da ta faɗo a farkon Yuli, a Satumba kuma ta tura shi San Jose Sharks hannunta a ɗaure. Wanda ya nemi a kare masa zamansa, sannan ya ce zai tafi kuma shi zai zaɓi wurin, ya karya darajar cinikin ƙungiyar da ta amince masa. Doka ta ba shi, amma magoya bayan Ottawa suna da hujjar fushi.

Sai dai in aka jera abin da ƙungiyoyi suka yi, nauyin ya fi karkata can. Philadelphia Flyers ta ba kyaftin ɗinta Mike Richards shekara 12 kan miliyan 69, ta ba Jeff Carter shekara 11 kan miliyan 58, sannan ranar 23 ga Yuni, 2011 ta yi musayar su biyun kafin sharaɗinsu ya farka. Carter ko wasa ɗaya bai buga wa Philadelphia da sabon kwantiragin ba. Allah ya haɗa su a Los Angeles suka ɗauki kofi a 2012 da 2014, amma wannan bai wanke yadda aka yi da su ba. Irin wannan da na Subban ne ya sa a yarjejeniyar 2020 'yan wasa suka samu gyara: yanzu sharaɗin yana bin mutum zuwa sabuwar ƙungiyarsa ko bai fara aiki ba. A da sabuwar ƙungiyar tana da zaɓin ta yi watsi da shi, shi ya sa Nashville ta iya tura Subban zuwa New Jersey a 2019.

Yanzu mu koma layin sallama. A Fabrairun 2008 Dan Boyle ya sabunta da Tampa Bay Lightning, shekara 6 kan miliyan 40, da sharaɗin hana musaya. Cikin 'yan watanni ƙungiyar ta sauya masu ita, sababbin suka nuna masa cewa in bai janye ba za su sa shi a layin, ƙungiyar da ke ƙasa ta ɗauke shi. A Yuli ya amince ya tafi San Jose. Shekara 16 bayan haka New York Rangers ta farfaɗo da dabarar. A Yunin 2024 ta sa Barclay Goodrow, mai jerin ƙungiyoyi 15 da ba ya so, a layin sallama, San Jose da ke ƙarshen teburi ta ɗauke shi ba tare da an nemi yardarsa ba. A Disamba kuma ta zo kan kyaftin ɗinta Jacob Trouba, wanda iyalinsa ke da dalilin aiki na zama a New York. Aka ce masa ko ya karɓi musaya ko layi. Ya karɓi Anaheim Ducks, kuma ya faɗa wa 'yan jarida a fili cewa barazana aka yi masa. A takarda Rangers ba ta yi laifi ba, domin hana musaya daban, hana motsi daban. A wurina wannan cin amana ne da rigar doka. An ba mutum makulli, an karɓi kuɗinsa, sannan aka shigo masa ta taga.

Hukumar gasar takan tsaya wa sharaɗin idan harafinsa aka taɓa. A Maris na 2022 ta soke musayar Evgenii Dadonov daga Vegas zuwa Anaheim saboda Anaheim na cikin jerinsa, a 2023 kuma ta hukunta Ottawa, tsohuwar ƙungiyarsa, kan rashin bayyana jerin yadda ya kamata. Abin da ba ta iya karewa shi ne mutunci. Marc-André Fleury ya janye sharaɗinsa a Pittsburgh a 2017 don sauƙaƙa wa ƙungiyar, ya je sabuwar Vegas Golden Knights ya zama fuskarta, ya kai ta wasan ƙarshe a kakarta ta farko. A 2021 aka ba shi kyautar Vezina ta golan da ya fi kowa. Bayan makonni huɗu aka tura shi Chicago don a rage miliyan 7 daga lissafi, wakilinsa Allan Walsh kuma ya ce a Twitter suka ga labarin. Duk matashin da ya ga haka ya san gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Da wannan idon nake kallon John Tavares. Islanders ta zaɓe shi na farko a 2009, ya yi mata kaka 9, ya zama kyaftin. Ranar 1 ga Yuli, 2018, ranar farko a rayuwarsa da yake da ikon zaɓen inda zai yi aiki, ya zaɓi Toronto, ƙungiyar yarintarsa, shekara 7 kan miliyan 77, ya wallafa hotonsa yana yaro yana barci cikin zanen gado mai tambarin Maple Leafs. Da ya dawo Long Island a ƙarshen Fabrairun 2019, aka yi ta yi masa ihu tun daga motsa jiki har tashi, ana jefa macizan roba, ana kiransa maci amana. Ciwon magoya bayan na gaske ne. Su ba sa sauya riga, uba ya gadar wa ɗa, kuma sun rasa shi ba tare da ƙungiyarsu ta samu komai ba. Amma Tavares ya cika kowace rana ta kwantiraginsa. Bai ƙi fita wasa ba, bai tilasta a sake shi ba. In an kira wannan cin amana, ban san sunan da za a ba abin da aka yi wa Fleury ba.

Wanda ya zauna ma ba shi da tabbas. Steven Stamkos ya ƙi shiga kasuwa a 2016, ya sabunta da Tampa shekara 8 kan miliyan 68, ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin a 2020 da 2021, ya jefa ƙwallo 40 a kakarsa ta 16 a can. Ƙungiyar ta duba shekarunsa 34, ta ba Jake Guentzel shekara 7 kan miliyan 63, Stamkos ya tafi Nashville. Ba na cewa manajan Tampa mugu ne. Iyakar albashi ba ta bar wa kowa wurin biyan ladan jiya ba, duk dalar da aka ba dattijo don godiya an cire ta ne daga bakin matashin da zai ci wasan gobe. Tsarin da masu ƙungiyoyi suka rufe gasa shekara guda don su samu, shi ne ya sa riƙon amana ya yi musu tsada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne su kafa wannan tsari, su yi aiki da shi ba kunya, sannan a juya a nemi ɗan wasa shi kaɗai ya yi aiki da zuciya.

Akwai waɗanda suka yi aiki da zuciyar kuma aka rama musu. Sidney Crosby na Pittsburgh Penguins, wanda aka haifa ranar 7 ga watan 8 na 1987 kuma yake sa lamba 87, ya tsayar da matsakaicin albashinsa a dala miliyan 8.7 tun daga 2008, ya maimaita a kwantiragin shekara 12 na 2012, ya sake maimaitawa a 2024, lokacin da iyakar albashi ta haura nesa. Rarar da ya bari ta taimaka wa Pittsburgh ta kewaye shi da mutanen da suka ci kofi a 2009, 2016 da 2017. Amma Crosby ɗaya ne a zamaninsa, kuma rangwamen da ya yi bai zama farilla a kan mai tsaron baya na uku da gwiwarsa za ta iya ƙarewa gobe ba.

Connor McDavid, tauraron Edmonton Oilers, ya bi wata hanyar da nake ganin za a daɗe ana nazarinta. Bayan Edmonton ta sha kashi a hannun Florida Panthers a wasan ƙarshe na 2024 da na 2025, kowa ya zaci zai nemi kwantiragi mafi girma a tarihi, musamman da Kirill Kaprizov ya karɓi shekara 8 kan miliyan 136 daga Minnesota a ƙarshen Satumban 2025. Kwanaki kaɗan bayan haka McDavid ya sa hannu kan miliyan 12.5 a shekara, daidai abin da yake karɓa a tsohon kwantiraginsa, amma na shekara 2 kacal. Ya bar wa ƙungiyar miliyoyin da za ta sayi mataimaka, ya riƙe shekarunsa a hannunsa. Yanzu ofishin Edmonton ne zai nuna abin da ya yi da rangwamen. Kwantiragin zai ƙare a ƙarshen Yunin 2028, lokacin McDavid yana da shekara 31.